Burodi Ba Leda

Gidan burodinmu yana Dutsen Kura. Yayana ke riƙe da shi, ni kuma aikina sa burodi a leda mai ɗauke da sunanmu. Ba na wasa da ledar nan, don ita ce tallarmu.

Shi ya sa wani kwastoma bai kwanta mini ba tun ranar farko. Mutum ne mai tsafta, mai sanyin murya, ba ya neman ragi. Sharaɗinsa ɗaya: a zuba masa burodi tsirara a buhu, 'yan babur su ɗaure su nufi hanyar Wushishi. Na ce wa Yaya, "Wane irin mai shayi ne wannan da yake jin kunyar sunanmu?" Ya ce in kama bakina, ciniki ne.

Ana nan sai aka sace maƙwabcinmu, malamin firamare ɗan kudancin Kaduna, a hanyar gonarsa. Da danginsa suka karɓo shi, na je yi masa barka da burodi mai zafi. Ya gutsura, ya tauna, sai ya tsaya cak.

"Kanwata, dauke wannan daga gabana," in ji shi. "Shi suke ba mu a daji. Ko a mafarki na san dandanonsa."

Na koma na gaya wa Yaya, ya zauna a kan buhun fulawa. In muka ci gaba, ranar da aka kama 'yan babur ɗin, mu ne masu ciyar da 'yan bindiga. In muka ƙi, sun san mun gane su. Gaba kura, baya sayaki.

Da kwastoman ya zo da rana, Yaya ya ce fulawa ta yi tsada, ba zai iya ba. Mutumin ya yi murmushi, ya jawo benci.

"Oga, in farashi ne, faɗi," ya ce. "Muna da mai kawo mana fetur, da mai magani, da mai gyaran waya. Babu wanda ya taɓa kuka da mu. Kowa ya riƙe ɓangarensa, sai a zauna lafiya."

Sai ya juyo gare ni. "Hajiya, yaranki ne masu bin bakin titi su tafi makaranta da safe, ko? Allah ya raya su."

Ni da ba na barin magana ta faɗi ƙasa, ranar da ƙyar na ce amin. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ya miƙe, ya ce zai dawo jibi.

Washegari da hantsi Yaya ya sallami ma'aikata, ya kulle ƙofa, ya ɗauki guduma ya nufi tanderun da mahaifinmu ya gina da hannunsa. Ina waje ina jin dukan, ina kuka. Da ya fito, ya ce wa mutanen unguwa tanderu ya rufta.

Mutumin ya dawo kamar yadda ya ce. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya yi mana jaje, har da Allah ya mayar da alheri. Kafin makon ya ƙare, na ga buhunansa suna fitowa daga wani gidan burodi a layin bayanmu. Mu muka rasa hanyar abincinmu, 'yan bindigar kuwa ko karin kumallo ɗaya bai wuce su ba.