Askin Dokin Baba Benson

Almakashi na hannun Baba Benson, yana askin dokinsa. Ya gama rage gashin wuyan dokin da na gadon baya, ya sauko cinyar hagu, sai ga tabon ƙarfe mai zafi a fata: harafin D cikin da'ira. Duk mai bin hanyar Kakau ya san tambarin nan. Shi ne a ƙofar gonar Daniel, mutumin da 'yan bindiga suka tafi da shi da dabbobinsa da damina, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba.

Baba Benson mutumin Filato ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gadi a masaƙa, har aka rufe ta. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Legas, ba su cika kira ba. Da kaka ya sayi dokin a hannun wasu baƙi a bakin titin Gonin Gora, ramamme, gashi buzu-buzu. Ya raɗa masa suna Sajan. Ranar Asabar yakan kai shi wuraren biki a unguwar Television, yara su hau a ɗauke su hoto. Sauran kwanakin su biyu ne a gida, yana cin tuwo yana ba Sajan labarin masaƙa. Duk tsawon sanyi ya ƙi aske shi don tausayi, sai da zafi ya shigo, dokin ya fara jiƙewa da gumi a tsaye.

Mary, maƙwabciyarsa mai sayar da kunu, ta leƙo ta katanga.

"Baba, yau kuma wanzami ka zama? In ka gama, ga kan maigidana."

Bai yi dariya ba. Ya nuna mata cinyar. Ta dafe ƙirji.

"Yesu! Rufa masa buhu, Baba. Gashi ne fa, zai tsiro. In ka kai kanka wurin 'yan sanda, kai za a fara riƙewa."

"Na sani."

"To?"

"Matar Daniel a bayana take zama a coci, Mary."

Sai da ya ƙarasa askin tsaf, don kada Sajan ya fita rabi da rabi. Ya wanke shi, ya ja shi a ƙafa har ofishin 'yan sanda. Ya faɗi kamannin baƙin, aka rubuta, aka riƙe dokin, aka ce kada ya bar gari.

A unguwa, wasu sun daina gaishe shi. Wasu na cewa ya san ɓarayin, wasu na tsoron ɓarayin su san shi. Kullum da safe yakan yanki ciyawa ya kai ofishin, ya miƙa ta saman shinge, ya dawo ya zauna da waya a hannu.

Yau kwana goma sha ɗaya. Ba a kira shi ba, ba a ce ga makomar dokin ba, kuma babu labarin Daniel.