Geron da Baffa Sama'ilu Ya Sha

Basiru ɗan Inna Luba ne, daga wani ƙauye a gefen Tsanyawa, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan har babu wurin ɗaure akuya. Mahaifinsa ya rasu ya bar musu gona ɗaya, wadda ƙanin marigayin, Baffa Sama'ilu, ya riƙe da sunan kulawa, sai kuma 'yar gayauna a bayan gida da Inna ke nomawa da hannunta. Da wannan gayauna aka tura Basiru kwaleji a Kano.

Ranar tafiya Inna ta auna masa gero da wake da garin kuka da daddawa, ta ƙulle ƙuli-ƙuli a leda. Ta ce, "Idan ka ci da hankali zai kai ka jarrabawa." Yaron kuwa akwai hankali. Ya kama ɗan ɗaki a Bacirawa saboda araha, ya riƙa taka rabin hanya da ƙafa kafin ya hau mota. Kunu da safe, tuwo da yamma, rana kuma ruwan famfon makaranta. Littafi sai dai ya ara ya kwafe da hannu. Duk wannan bai dame shi ba, don da saninsa ya shiga.

Abin da bai shirya masa ba shi ne Baffa Sama'ilu. Mutumin nan yana kai riɗi kasuwar Dawanau duk mako, da can a rumfar dillalinsa yake kwana. Da jin Basiru ya kama ɗaki, sai ya tsaya a majalisar ƙofar masallaci ya yi shela: "Jama'a, yanzu mun yi masauki a birni."

Mun yi! Mutumin da ko kuɗin tabarma bai taimaka da shi ba.

Daga nan fa ƙauye ya buɗe. Mai zuwa asibiti, mai neman takin zamani, mai rakiyar mai rakiya, kowa ɗakin ɗan Luba. A garinsu ba a tambayar baƙo ko ya ci, sai dai a ajiye masa kwano. Basiru ya dawo daga lakca ƙafa duk ƙura, ya tarar da takalma huɗu a bakin ƙofa, ya hura gawayi ya tuƙa wa garada tuwo. Baffa, da aljihu cike da cinikin riɗi, ya suɗe hannu ya ce miyar ta so ƙarin mai. Wallahi ko albasa guda bai taɓa shigowa da ita ba.

Kafin zangon karatu ya yi rabi buhu ya kwanta. Basiru ya tsiri azumin Litinin da Alhamis, Allah ne kaɗai ya san rabon lada da rabon babu a ciki. Wata rana jiri ya ɗebe shi a aji har aka fita da shi shan iska. Ranar da Baffa ya sake zuwa da mutum biyu, yaron ya daure ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, a yi haƙuri, yau babu abin dafawa."

Kafin Basiru ya gama jin kunyar maganarsa, ta riga ta isa ƙauye, kuma ta sauya kama. Boko ya lalata ɗan Luba. Ya koyi rowar mutanen birni, yana ɓoye abinci idan ya ji sallamar ƙanin ubansa. Mata suka kai wa Inna zancen har tsakar gida, wai jaje suka zo yi.

Bayan kwana uku direban motar Tsanyawa ya kira shi ya zo tasha ya karɓi saƙo. Rabin buhun gero ne, da magana a baki: "Inna ta ce ka ci, ka ba baƙi, kada ka bari a zagi mahaifinka a kabari."

Geron nan ya yi kyau har ya ba shi mamaki, manyan ƙwayoyi, babu tsakuwa, babu ƙwaro. Bai tsaya tunani ba, yunwa ba ta bar shi ba. Baffa ya dawo kamar ba a yi komai ba, ya shanye kofi biyu na kunu ya ce, "Yawwa, wannan shi ne gero." Da ragowar Basiru ya lallaɓa ya rubuta jarrabawa, ya kuma ci.

Ya koma gida bayan ruwan shuka da mako uku. Tun daga mota gonaki sun yi kore shar, gero ya kai idon sawu. Ya zaga bayan gida, ya ga gayaunar Inna an share ta tas, amma ko tsiro ɗaya babu. Ya shiga madafi ya ɗaga kai. Damin zangarniyar da take zaɓa duk kaka ta rataye a saman hayaƙi don iri, wanda ta gada tun daga uwar mijinta, babu shi. Igiyar ce kawai ke lilo.

Ya fito tsakar gida. Inna tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba ta ce, "Ka ci jarrabawar?"

"Na ci, Inna."

"To alhamdu lillahi. Wake ma abinci ne, gobe sai mu shuka."

Ana haka Baffa Sama'ilu ya yi sallama daga zaure, ya leƙo yana sakace. "Luba, bana kin yi sakaci fa. Kowa ya yi shuka, gonarki fayau. Mace da riƙon iri sai a hankali."

Basiru, wanda tun tasowarsa bai taɓa haɗa ido da ƙanin ubansa ba, ya dube shi sosai. Ya ce, "Ta riƙe irinta shekara ashirin, Baffa. Ni na dama shi, kai ka sha, har ka ce ya yi daɗi."