Pyo Man-gil Ya Shiga Talabijin

A unguwarsu da ke gindin dutsen Apsan, cikin birnin Daegu, har yau Sajang ake kiran Pyo Man-gil, wato mai kamfani, ko da yake rabonsa da kamfani ya fi shekara ashirin da biyar. Shi kuwa ba ya gyara wa kowa. In an kira shi haka sai ya miƙe ƙirji, ya taɓa wuyan riga, ya amsa da muryar mutumin da ke da ma'aikata.

Yana ɗan shekara sha shida ya baro ƙauye ya shiga masana'antar rini, ya yi shekara sha biyu hannuwansa ba su koma launinsu ba. Daga nan ya buɗe wurin yin maɓallan riga: injuna shida, ma'aikata sha huɗu, da baƙar mota wadda yake gogewa da kansa kowace safiya don maƙwabta su gani. Yakan ce rabin mazan Koriya da maɓallinsa suke rufe tumbinsu.

Sai hunturun 1997 ya zo. Kuɗin ƙasa ya karye, bankuna suka damƙe hannu, kamfanonin ɗinki da ke sayen maɓallansa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. A watan Janairu ya sallami mutanensa, ya sa wa ƙofa kwaɗo. A gida bai ce uffan ba. Mota, ya ce tana wurin gyara. Wata huɗu cur yana tashi da sassafe, ya sa kwat, ya ɗaura nektayi, ya karɓi kwanon shinkafarsa daga hannun matarsa Eom Chun-ja, ya fita da sauri kamar wanda taro ke jira. Da ya sha kwana sai ya hau Apsan. A can saman akwai irinsa da yawa, kowa fes da shi, kowa da jarida, kowa yana yi kamar bai ga ɗan'uwansa ba. Ƙarfe shida a sauko, a koma gida ana kukan gajiyar ofis.

Ranar da ya daure ya faɗa wa Chun-ja, cewa kawai ta yi, “To, gobe ka zo ka ɗaukar min buhun fulawa.” Ashe ta riga ta kama rumfar taliya a kasuwar Seomun. Wannan rumfa ita ta ciyar da su, ita ta kai 'yarsu Mi-ok jami'a. Shi Sajang ya gwada shagon soyayyen kaza a wani layi mai shagunan kaza biyar, duk na tsoffin masu kamfani, suka yi ta kallon juna har suka rufe. Ya yi gadin gidajen bene shekara sha bakwai. Da ya tsufa Mi-ok ta rubuta sunansa a cikin mutanen da masu wasan kwaikwayo ke ɗauka su cika wuri a bayan taurari. Ya yi mai jiran bas, ya yi majinyaci, ya yi gawa sau takwas. Aikin ya yi masa daɗi, don akwai abincin rana kuma akwai abin ba da labari.

Bara aka kira shi cewa za a ɗauki wasa mai kashi sha shida a kan karyewar tattalin arzikin nan, ana neman dattawa talatin da za su yi cincirindo a ƙofar banki. Man-gil ya ce zance ya zo gidansa. Ya fito da kwat ɗin nan tasa ta da, ya sa aka goge ta, ya yi wa takalmi mai har yana ɗaukar ido.

Watan Agusta ne, Daegu tana tafasa, amma a wasan Disamba ake, don haka aka jibga wa tsofaffi rigunan sanyi, ana watsa musu ƙanƙarar kumfa. Mai kula da kaya ta dubi Man-gil sama da ƙasa.

“Baba, biki za ka? Cire wannan. Ai kai talaka ne, ka rasa komai.”

Ta miƙa masa wata yagaggiyar riga mai warin ajiya, wata kuma ta zo da baƙin gari za ta shafa masa a kumatu.

“Ke 'yar nan, kamfani na rasa, ba sabulu ba,” in ji shi.

Hayaniyar ta jawo darakta, wani saurayi mai suna Seol, wanda lokacin da abin ya faru ko makarantar firamare bai shiga ba. Ya zo da kofin ƙanƙara a hannu, ya yi bayani cikin ladabi: yana so su doki ƙofar bankin, su faɗi ƙasa, su yi kururuwa. Mutane suna son ganin ciwo.

“Darakta, ka taɓa ganin mutumin da ya karye?”

“Mun yi bincike sosai, Baba.”

“To ga shi a gabanka, kyauta. Ba mu yi birgima a titi ba. Wa zai yarda maƙwabci ya gani? Ranar da ka fi tsiya, ranar kake fin kowa goge takalmi.”

Nan fa bakinsa ya buɗe. Ya ba su labarin dutse, da jaridar da ake karantawa sau uku, da yadda ake shimfiɗa hankici kafin a zauna don kada wando ya tona asiri, da yadda shinkafa ke daskarewa a kwano har sai ka sa ta cikin riga ta ji ɗumin jiki. Darakta ya ajiye kofi. Ya sa aka kira marubuciyar wasan, ta zo da littafi tana rubutawa tana cewa, “Sai me kuma, Baba? Sai me?” Har tauraron wasan, wani kyakkyawan yaro da mutum biyu ke bi da ƙananan fanka, ya matso ya riƙe hannun Man-gil, ya sunkuya masa har ƙasa. Bayan haka aka sa masa yagaggiyar rigar, aka shafa masa baƙin garin, ya doki ƙofar banki sau sha ɗaya, aka ba shi won dubu casa'in, kuɗin Koriya.

Duk da haka da ƙafar sarauta ya koma gida. Kafin sati babu wanda bai ji ba, daga mai aski har likitan haƙori, cewa Sajang ne ya gyara wa gidan talabijin labarinsu.

“Maman Mi-ok, darakta da kansa ya ce in ba don ni ba wasan ya lalace.”

“Madalla. Yanka albasar nan, tauraro.”

Da aka zo kashi na tara, ranar Lahadi da rana ake maimaitawa, ya tara 'yan kasuwa a rumfar Chun-ja, har ya saya musu lemo. Aka nuna ƙofar banki. Man-gil ya miƙe yana nuni da cokali. Ga shi nan kuwa: rabin kunne da kafaɗar yagaggiyar riga, daƙiƙa biyu, sai kan wani ya rufe shi.

Sannan aka nuna dutse. Ga tauraro cikin kwat wadda ta fi kuɗin injin maɓalli, ya shimfiɗa hankici, ya ciro kwanon shinkafa daga cikin riga. Ya ɗaga murfi, sai kiɗa ya tashi, ya fashe da kuka na minti huɗu, hawaye na gangarowa ba tare da hanci ya yi ja ba. Da ya gama ya buɗe wata kwalbar shayi, ya juyo sunan kamfanin wajen kyamara, ya sha. Matan rumfa suna ta sharar ido. A ƙarshen kashin matar tauraron ta gano gaskiya, ta dafe ƙirji, ta sume.

Chun-ja ta yi tsaki, tana tsame taliya.

“Wace sakarya ce wannan? Wata huɗu miji na dawowa da ganyen dutse a naɗin wando, ta ce ba ta sani ba?”

Man-gil ya juyo a hankali. “Me kika ce?”

“Baban Mi-ok, tun sati na biyu na sani. Wane ofis ne ke sa mutum ya yi baƙi a hunturu, ƙafafunsa su yi ƙwari? Kai kana tsammanin don me na ƙara maka shinkafa? Hawan dutse na sa yunwa.”

“Shi ne kika bar ni ina shan sanyi?”

“In na yi magana ka dawo ka zauna min a ɗaki kana huci? Gara dutsen.”

Rumfa ta kwashe da dariya, har mai sayar da barguna ya ƙware da lemo. Sajang ya zauna, ya cinye taliyarsa.

Wasan ya karɓu ƙwarai. Tauraro ya sami lambar yabo saboda kukan dutse. Marubuciya ta faɗa wa 'yan jarida, tana share ido, cewa daga rayuwar mahaifinta ta ɗauko wurin. Man-gil ya rubuta wa gidan talabijin wasiƙa shafi uku. Bayan wata biyu suka aiko masa da godiya da kwalin kifin gwangwani.

Wadda ta ci riba Chun-ja ce. Samari da 'yan mata suka fara hawa Apsan ranakun hutu, sanye da kwat ɗin haya, suna zama a bencin da tauraro ya zauna, suna ɓata fuska ana ɗaukarsu hoto. Ta sayi kwanukan gwangwani irin na da guda ɗari, tana zuba shinkafa da ƙwai da kimchi, kabejin nan nasu mai tsami da yaji, tana sayar da kowanne won dubu tara. In shinkafar ta huce sun fi so.

Man-gil ke kai kwanukan sama kowace Asabar, yana hawa yana hutawa, don gwiwoyi sun fara gardama. Da farko yakan gaya wa yaran cewa ba wannan bencin suke zama a da ba, na can bayan dutse ne inda iska ba ta bugu, amma ba mai saurara. Su dai su miƙa masa waya su ce, “Kaka, don Allah ɗauke mu.” Yana karɓa da fara'a, ya ja da baya, ya ce su ƙara baƙin ciki kaɗan, ya ƙirga uku, ya yanke musu kawuna a hoton.