Funfuna a Katakon Auta

Sai-Gobe ake ce masa, domin tun da ya fara aikin kafinta ba wanda ya taɓa zuwa karɓar aiki bai ji wannan kalmar ba. Mutane suna mita, suna dawowa, don kujerar da ya haɗa ba ta san girgiɗi ba. Shagonsa rumfa ce a jikin gida, garin katako har cikin tabarmar matarsa.

Iska ce ta kayar da mangwaron ƙofar gidansu. Gungumen ya yi damina guda kwance a ciyawa kafin a kai shi injin yanka. Da katakan suka dawo, sai ga baƙin zane ya ratsa farin itacen, siriri, a karkace, kamar an bi da alƙalami. Autarsu, wadda ke aiki a wani gari, ta zo ganin gida a lokacin. Ya bayyana mata cewa ruɓa ce ta fara shiga ta yi wannan ado. In katakon ya bushe, ruɓar za ta tsaya, zanen ya zauna. In ya daɗe da laima, ta cinye shi. Auta ta shafa, ta ce teburin cin abinci take so, na hannun babanta. Ya ce an gama.

Katakon ɗanye ne sharaf. Ya jera shi a ɗakin ajiya, ya sa 'yan sanduna tsakani don iska ta ratsa, ya shafe bakunan da fenti kada su tsage. Sannan ya kawo leda ya lulluɓe. Da matar ta tambaya, ya ce bushewar gaggawa ke tsaga itace.

Funfuna ta fito fara kamar auduga, ta koma kore, ɗakin ya ɗauki warin rigar da aka manta a bokiti. Ya goge da tsumma da sabulu, ta dawo. Mai walda na maƙwabta ya leƙo ya tambaye shi ko noman naman kaza ya koma, in an girbe a tuna da shi. Duk sanda Auta ta bugo waya, amsa ɗaya ce: itace bai bushe ba. Kuma ba ƙarya ya yi ba.

Matar tana ganin wasu abubuwan. Kofin shayi yanzu da hannu biyu yake riƙewa. Ƙusa ta fara kuɓuce masa. Ya mayar da aikin mutum biyu, wai zarto ya dakushe, kuma in baƙo ya shigo hannun damansa na cikin aljihu.

Wata safiya da ya fita, ta yaye ledar, ta buɗe taga. Da hantsi ta zo wucewa ta same shi tsugune da buta yana yayyafa wa katakon ruwa. Ba sai ya kaɗa butar ba, hannun da kansa yake kaɗawa.

"Baban Auta, shayar da shi kake yi?"

Ya ce ya ga alamar tsagewa. Ta duba, ba tsaga ko ɗaya. Ya ajiye butar, ya danne hannun a cinya.

"In ya bushe, me zan ce mata?"

Maganar asibiti ta zo mata baki, ta san zai ce lafiyarsa ƙalau. Ya jawo ledar, gefe ɗaya ya maƙale a sanda. Ta kama masa suka rufe.

Da Auta ta sake zuwa, ta danna katakon da babban yatsa, ya lotsa kamar burodi. Zanen ya ɓace cikin baƙi. Ta yi ta faɗa da damina, da ɗakin, da uwarta da ba ta sa fanka ba. Uwar ta karɓi laifin. Shi kuwa ya ce itace haka yake, wani ba ya jin magani, kuma a muryarsa akwai wani sauƙi da matar kaɗai ta ji.

Auta ta ɗauka baƙin ciki yake yi. Ta dafa kafaɗarsa.

"Kada ka damu, Baba. Na ga irinsa a wajen masu katako, busasshe. Jibi za a kawo maka, ba sai ka jira komai ba."

Ya dubi matarsa. Ta sunkuya tana naɗe ledar.