Ragowar Madara

Iya mai raino ta yi shekaru tana karɓar 'ya'yan ma'aikata a falonta da ke bayan tashar mota. Ta san duk jaririn da ya ɗanɗana cokali yakan rage shan madara. Shi ya sa da aka soma ba ɗan malamar makaranta ayaba, ya fara barin rabin kwalba, ba ta damu ba.

"Iya, yana sha kuwa?" uwar takan tambaya da yamma.

"Kin cika tsoro, 'yar nan. Angon nawa ya girma, ya raina madara."

Ragowar kuwa zubarwa take yi, ta wanke kwalbar tas, don kada hankalin uwar ya tashi.

Sannu a hankali rabin kwalbar da yake sha ya koma 'yar kurɓa. Wata rana yaron ya kau da kai daga cokalin ma. Da azahar Iya ta kwance kunzugunsa, ta same shi a bushe kamar yadda aka ɗaura da safe. Yana kuka, amma babu hawaye. Ta shafa maɗigarsa, ta ji ta faɗa.

Nan take ta kira uwar a waya. "Baro ajin nan yanzu, ki same mu a asibiti."