Ɗan Sanholon Da Aikinsa Karyewa

Kakata ta wajen uwa, Iya muke ce mata, ba ta yin tatsuniya sai hannunta na aiki. Da damina, in an idar da sallar magariba, takan hura gawayi a ƙarƙashin rumfa, ta jera masara a kai, mu jikoki mu kewaye ta. Tana juya masara tana ba da labari, wanda ya cika surutu shi ake ba wadda ta ƙone. Yawancin labaranta na dariya ne, har kwaikwayon muryar akuya takan yi.

Wata rana ana yayyafi, ta ce, "To, ga ta nan. Amma ta yau ba ta dariya ba ce. Mai saurin kuka ya matsa can."

Wai an yi wani mutum mai yankan ciyawa a gidan saukar baƙi na gwamnati, da wani tsohon inji da Turawa suka bari. A saman injin akwai faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa, abin da ke riƙe faifan kuwa wani ɗan guntun sanholo ne, bai fi ƙwayar wake ba. Duk lokacin da wuƙar injin ta daki dutse, sai ɗan sanholon ya karye, injin ya mutu. Ga shi ba a samunsa sai a birni. Mutumin ya gaji da zarya, ya je wurin maƙeri ya ce a ƙera masa na baƙin ƙarfe, wanda ba ya karyewa. Aka ƙera. Ya yi kwanaki yana aiki yana yabon dabararsa. Rannan 'yarsa ta kawo masa abinci, tana tsaye da kwano a ka, wuƙa ta daki dutse. Ƙarfen maƙeri ya ƙi karyewa. Faifan ne ya tarwatse, wani guntunsa ya sami yarinyar.

Na ce, "Iya, sai aka yi mata magani ta tashi?"

"Ba ta tashi ba," in ji ta. "Karɓi masararki."

Ko rufewar da ta saba yi, mai kan ɓera a ciki, ba ta yi ba. Can dai ta ce, kamar da gawayin take magana, "Shi ƙaramin nan aikinsa ke nan, ya karye. In ka hana shi, wani za a nema."

Na girma da ita a matsayin tatsuniya. Iya ta rasu, na yi aure, maigidana ya kawo ni Riyad. Muna zaune a Gubaira, ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida, kusa da gidajen gyaran injuna. Shi mai kula da lambu ne a gidan kafilinsa, wato ubangidansa, a Nasiriya, wani dattijo mai injin yankan ciyawa na tun zamanin mahaifinsa. 'Ya'yansa sun saya masa sabo ya ƙi, wai shi ƙarar tsohon yake so. Saboda haka in injin ya lalace, maigidana yakan ɗauko shi gida, ya bi masu gwangwan yana neman kayansa. Sun san shi har suna tsokanarsa, kafin ya buɗe baki sun ce masa, "Mafi," wato babu.

Wata la'asar ina tsintar shinkafa, 'yarmu Amira tana rarrafe kusa da shi, na ga ya cire wani faifai mai nauyi daga saman injin ya ajiye, ya ɗauko ƙusa yana goga ta da zarto.

Na ce, "Baban Amira, me za ka yi da ƙusa?"

Ya nuna mini wani ɗan abu a tafin hannunsa, fari, ya rabe biyu. "Wannan ɗan banzan ne ya hana ni sakat. Da wuƙa ta taɓa bakin famfon yayyafi sai ya karye. Na zaga ko'ina, an daina yinsa. Dattijo kuma ya ce kafin Juma'a. Zan yi masa wanda zai riga mu duka tsufa."

Bai fi ƙwayar wake ba. Farantin shinkafar ya zame daga cinyata. Ban san lokacin da na sure Amira na goya ta ba.

"Kada ka sa," na ce. Na ba shi labarin Iya.

Ya yi dariya. "Maman Amira, yanzu da tatsuniya za mu gyara inji? Gobe kuma ki ce akuya ta ce a canja mai."

Na shiga ɗaki na kira mahaifiyata a Najeriya. Ina so ne kawai ta ce mini ƙirƙira ce irin ta tsofaffi. Na ce, "Umma, kin tuna tatsuniyar Iya ta mai yankan ciyawa?"



"Ta ba ku wannan?" ta ce a hankali. "Ai ba tatsuniya ba ce. Babanmu ne. Yarinyar yayata ce, 'yar farin Iya. Sunanta kika ci."

Na zauna a ƙasa. Sai a lokacin na gane abin da ya sa Iya ba ta taɓa kiran sunana ba, kullum sai "ke, 'yar nan". Kunyar 'yar fari take yi, ga yarinyar da ta daɗe a ƙasa.

Na fito na miƙa masa wayar, na ce ya gaishe da Umma. Ya durƙusa kamar tana gabansa, yana "Na'am, Umma. Na'am." Ban ji abin da ta faɗa masa ba. Da ya gama, ya daɗe yana kallon ƙusar, sannan ya jefa ta cikin kwandon shara.

"To da me zan yi?" ya ce. "Juma'ar fa tana nan."

Na ɗauko ludayin miyata na sanholo, cikin kayan aurena. Ya yanki ɗan guntu a ƙarshen mariƙin, ya goge shi har ya zauna daidai.

Har yau nakan rasa yadda Iya ta iya zama tana juya masara, tana ba jikoki labarin mutuwar 'yarta, muryarta ba ta ko girgiza ba. Ina ganin ba ta da wata hanyar faɗarsa sai ta mayar da shi na wani mutum a wani gari. Ni kuwa da nake jin haushin duk abin da bai da ƙarfi, har da kaina da yawan tsorona, na rage.

Ludayin ya gajarce, har ina ƙona yatsa wajen kwashe miya. Wani lokaci maigidana ya shigo yana mita, wai ɗan banzan ya sake karyewa a tsakiyar aiki, dattijo yana ta faɗa. Nakan bar shi ya gama. In dubi ƙafafunsa biyu lafiya lau a bakin ƙofa, in miƙa masa ludayin.