Ranar da na toshe wa Hajiya rediyo

"Wane ɗan albarkar ne ya toshe min rediyo?"

Hajiya Yalwa ce ke tambaya, ni kuwa hannuna duk laka. Gayya muka haɗa a Kabara, muna yi wa tsofaffi yaɓe kafin damina. Na ga rami a katangarta, na liƙe shi sumul.

Na ce, "Hajiya, ai ɓera zai shigo."

Ta ce, "Ɓeran sunanta Inna Abu, maƙwabciyata. Ta nan take miƙo min tuwo da labarin unguwa, tunda ƙafafunmu sun daina zagaye."

Da hannuna na sake fasa shi. Ina gamawa sai ga kwano ya leƙo, wata murya na cewa, "A ba magini."

Jama'a, wa ya taɓa gyara abin da bai lalace ba?